Baro: Tashar Da Jirgin Kano Ya Fara Tashi

In aka tambayi yaran makaranta daga ina aka fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa da ta isa Kano, yawancinsu za su ce daga Ikko. Manya da dama ma haka za su amsa. Amma ƙarfen da ya fara shiga Kano daga wani ƙaramin gari ya taso, a bakin Kogin Kwara, cikin ƙasar Nufe. Sunan garin Baro. Yau yana cikin ƙaramar hukumar Agaie ta Jihar Neja, jirgi kuwa ya daɗe da daina zuwa. A wannan wata mun ga ya kamata mu ba iyalanmu labarin wannan tasha, gama akwai abin koyo a ciki ga yaro da babba.

Dalilin zaɓen Baro

A farkon mulkin Turawa, Arewa da Kudu gwamnatoci ne dabam dabam, kowace da asusunta. Babbar hanyar shiga Arewa a lokacin ita ce ruwa. Jirage masu tururi su kan taso daga Burutu a bakin teku, su hau Kwara, su wuce Lakwaja. Daga inda jirgin ruwa ya tsaya sai a ɗora kaya a kan 'yan alaro da jakuna, a yi ta tafiyar makonni kafin a kai Zariya ko Kano.

Gwamna Lugga ya so Arewa ta sami hanyar jirginta wadda za ta haɗa kogin da Kano, ba tare da an jira layin Ikko ba. A Ingila kuma masu masaƙu suna neman auduga ido rufe, an kuwa gaya musu ƙasar Hausa ƙasar auduga ce. Aka duba bakin kogi aka ga Baro ya dace. Idan Kwara ta cika da damina, manyan jirage suna iya kaiwa can. Akwai tudu mai tsawo a bayan garin inda ma'aikata za su gina gidaje su sha iska. Daga nan kuma kwarin kogin Gbako ya miƙe arewa, ƙasa ce mai sauƙin shimfiɗa layi.

A 1907 gwamnatin Ingila ta yarda a yi aikin. A wannan shekara aka aiko da Sir Percy Girouard ya gaji Lugga. Mutumin Kanada ne, injiniyan soja, wanda ya riga ya yi suna wajen gina layin dogo a hamadar Sudan. Aka danƙa aikin a hannun Ma'aikatar Ayyuka ta Arewa, ƙarƙashin shugabanta John Eaglesome.

Yadda kaya suka iso

Babu ƙusa ɗaya ta wannan layi da aka ƙera a ƙasarmu. Ƙarafan dogo, da taragu, da kawunan jirgi, da ƙarafan gada, duka daga Ingila aka kawo su ta teku, sa'an nan aka hau da su kogi har Baro. Kogin kuwa ba ya jiran kowa. Watannin cikarsa kaɗan ne, daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka. Abin da bai iso a cikin waɗannan watanni ba, sai dai ya zo kaɗan kaɗan a ƙananan jirage, ko ya jira baɗi. Saboda haka a lokacin cikar ruwa a kan yi ta sauke kaya a Baro babu hutawa.

Kawunan jirgi a wargaje su ke zuwa, a nan Baro maƙera da kanikawa su ke harhaɗa su. Waɗansu daga cikin na farko an laƙaba musu sunayen sarautun sarakunan Arewa. Nan da nan ƙauyen masunta da manoma ya cika da rumfunan ajiya, da ma'aikatar gyara, da ofisoshi, da baƙi masu harsuna iri iri. Faɗin layin ƙafa 3 da inci 6 ne, daidai da na Ikko. Daga Baro ya bi ta Katcha da Badeggi, wadda ita ce tashar mutanen Bida, ya kai Minna bayan mil 111. Daga can ya haye kogin Kaduna, ya bi ta Zariya. A watan Maris na 1911 ƙarfen ya taɓa Kano, mil 356 daga Baro, a zamanin Sarkin Kano Abbas. A 1912 aka buɗe layin ga 'yan kasuwa da matafiya.

Waɗanda suka riƙe diga

Littattafan tarihi sun cika da sunayen gwamnoni da injiniyoyi. Amma waɗanda suka sare daji, suka haƙa ƙasa, suka ɗauke ta a kwanduna a bisa kawunansu, sunayensu ba su shiga takarda ba. Nufawa ne, da Gwarawa, da Hausawa, da sauran kabilun da layin ya ratsa ƙasarsu. Yawancinsu ba don ra'ayin kansu suka zo ba. Bature ya kan gaya wa sarki adadin mutanen da ya ke bukata, sarki ya gaya wa hakimi, hakimi ya gaya wa dagaci, dagaci ya bi gida gida. Mutum ya yi makonni a bakin aiki, sa'an nan a sallame shi a kawo wani. Akwai wanda ya bar gonarsa da ciyawa, akwai wanda ya koma gida da ciwo, akwai kuma wanda bai koma ba.

Ana biyansu lada da kuɗin ƙarfe, ƙasar kuwa da wuri ta saba. Ta haka sule da sisi suka shiga ƙauyuka da yawa, da su kuma aka riƙa karɓar haraji. Abin bai tafi lami lafiya ko'ina ba. A 1909 mutanen Gussoro, wani garin Gwarawa a ƙasar Kuta, suka tayar, suka kashe wani jami'in Bature da 'yan sandan da ke tare da shi. Aka aiko da soja suka murƙushe garin. Masana tarihi sun lissafta diban mutane zuwa aikin layi cikin abubuwan da suka kawo wannan fitina. Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, wanda aka ɗebi talakawansa sa'ad da aikin ya shiga ƙasarsa, ya yi waƙa a kan al'amarin, ita ce a ke kira Waƙar Diga.

Mun tsaya a kan wannan domin Littafi Mai Tsarki bai ɗauki hakkin ma'aikaci da wasa ba. A sura ta 5 ta wasiƙar Yakubu an ja kunnen mawadata waɗanda su ke danne ladan masu yi musu girbi, an kuma nuna Ubangiji yana jin kukan waɗannan ma'aikata. Wanda ya ke da ɗan ƙodago a gona, ko yarinya mai taya aikin gida, ko lebura a wurin gini, bari ya tuna da masu diga na Baro, ya biya hakki cikakke a kan kari.

Aka nemi auduga, aka sami gyaɗa

Masu masaƙun Ingila sun zuba ido su ga taragu cike da auduga. Manomin Kano kuwa ya yi nasa lissafi. Audugarsa tana da kasuwa a gida wurin masaƙa da marina, gyaɗa kuma ta fi sauƙin noma a jigawa, ana cinta, ga shi kamfanoni suna sayenta da daraja. Fataken Kano waɗanda suka saba da cinikin goro suka bazu cikin ƙauyuka suna ba da kuɗi da gishiri da tufafi, suna cewa a shuka gyaɗa. A 1912 gyaɗar da Nijeriya ta fitar wajen ton 2,500 ce. A 1913 ta haura ton 19,000. Tashar Kano ta cika da buhuna har jirgi ya kāsa kwashewa. Daga nan ne dalar gyaɗa ta samo asali, wadda iyayenmu suka gani da idonsu.

Gadar Jebba

Tun layin Baro bai gama kafuwa ba, abin da zai rage masa daraja ya riga ya kama hanya. Layin Ikko ya kai Ibadan a 1901, ya kai Jebba a 1909, ya haye ya bi ta Zungeru, ya haɗu da layin Baro a Minna. A 1912 aka haɗa hukumomin layukan biyu suka zama ɗaya, shekara biyu kafin a haɗa Arewa da Kudu. Da fari a jirgin fito a ke haye da taragu a Jebba. A 1916 aka gama gadar, jirgi ya riƙa tashi daga Ikko ya isa Kano ba tare da an sauke kaya ba, rani da damina.

Wane ɗan kasuwa ne zai sauke kayansa a Baro, ya jira ruwa ya cika, a sāke lodi a jirgin ruwa, a kuma sāke wani lodin a Burutu? Cikin 'yan shekaru kaɗan babban layi ya zama na Ikko, hanyar Minna zuwa Baro ta zama reshe. Minna wadda ta ke ƙaramin wuri ta bunƙasa ta zama mahaɗa, yau ita ce hedkwatar jiha. Baro wadda ta haifi layin ta koma gefe.

Duk da haka tashar ta ci gaba da aiki shekaru masu yawa. Kamfanonin ciniki irin su U.A.C. da John Holt suna da jiragen ruwa a Kwara, su kan kwashi wani kashi na gyaɗa da auduga ta Baro a lokacin cikar ruwa, su hauro da gishiri da kananzir da siminti. Mutanen ƙasar kuma suka mai da jirgin nasu. Shinkafar fadamun Nufe, da busasshen kifi, da doya, da man kaɗanya, da tabarmi, ta nan su ke fita zuwa Minna da gaba.

Aikin ƙaramar tasha

Yaranmu da yawa ba su taɓa shiga jirgin ƙasa ba, saboda haka bari mu ɗan bayyana yadda ƙaramar tasha ta ke aiki a zamanin jirgin kwal. Layin guda ɗaya ne, mai zuwa da mai komowa duk a kansa su ke bi. Domin kada jirage biyu su yi karo, direba ba ya barin tasha sai shugaban tasha ya miƙa masa alamar izini, wadda ke nuna hanya tasa ce shi kaɗai har tasha ta gaba. Kafin a ba da ita, sai tashoshin biyu sun yi magana ta waya sun yarda. Akwai mai juya layi, wanda ke karkatar da jirgi zuwa inda zai tsaya. Akwai mai ɗaga sigina da rana, ya kunna fitilarta da dare. Akwai mai kula da tankin ruwa, gama kan jirgi mai tururi ba ya tafiya mai nisa sai ya sha. Akwai kuma leburorin layi waɗanda kowace safiya su kan taka rabonsu na hanya da ƙafa, suna duba ƙusoshi, suna neman inda ruwan sama ya zare ƙasa.

Ba wanda ya san sunayen waɗannan mutane a cikin taragun fasinja. Amma in ɗaya daga cikinsu ya yi barci a bakin aiki, ko ya sha ya bugu, rayuka ɗari suna iya salwanta a dare ɗaya. Wannan misali ne mai kyau da za mu ba 'ya'yanmu game da aminci cikin ƙaramin abu. Mai share ɗakin sujada, da mai buga ƙararrawa, da malamar ajin yara ta ranar Lahadi, aikinsu irin na mai juya layi ne.

Bishara a kan kogi da layi

Wannan yanki na Kwara yana da wuri na musamman a tarihin ikkilisiyarmu. Tun kafin jirgin ƙasa, Bishop Samuel Ajayi Crowther da abokan aikinsa na C.M.S. sun yi ta hawa da sauka a kogin, suka kafa aiki a Lakwaja. A 1894 Thomas Kent, ɗaya daga cikin samari uku da suka fara aikin S.I.M., ya rasu a Bida. A 1902 S.I.M. ta kafa tasharta ta fari a Patigi, a hayin kogi sama da Baro. Cikin waɗanda suka zo a wannan tafiya akwai A. W. Banfield, wanda daga baya ya zauna a Shonga, ya kafa injin buga littattafai, ya ba da ransa ga juya Maganar Allah zuwa Nufanci. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Nufanci ya fito a 1953, na Hausa kuwa a 1932.

Gwamnatin Turawa ta daɗe tana hana 'yan mishan shiga manyan biranen sarakuna. Amma ba ta iya tafiyar da jirgi ba tare da akawuna da direbobi da kanikawa ba, da yawa daga cikinsu kuwa masu bi ne daga Kudu, da Saliyo, da ƙasar da yanzu a ke kira Gana. Inda aka ajiye su, nan su kan taru ran Lahadi, wani lokaci a ɗakin ɗaya daga cikinsu, wani lokaci a ƙarƙashin rumfa. Ikkilisiyoyi da dama na Sabon Gari da na garuruwan bakin layi haka suka faro. Waɗanda suka shirya layin ribar auduga su ke nema, Allah kuwa ya mori hanyar domin nasa nufi, kamar yadda manzanni suka bi hanyoyin da Romawa suka gina domin sojojinsu. Akwatunan littattafai, da magunguna na asibitocin mishan, da ɗaliban makarantun Littafi Mai Tsarki, da masu bishara da iyalansu, duk jirgi ya ɗauke su.

Yadda tashar ta yi shiru

Abubuwa da yawa ne suka taru a kan Baro. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tsai da jiragen ruwa a Kwara ta ƙasa, cinikin kogi kuwa bai sāke komawa yadda ya ke ba. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970, da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, suka rushe dalar Kano. Kuɗin man fetur ya shigo, gwamnati ta mai da hankali ga titunan mota, manyan motoci suka ƙwace kayan da jirgi ke ɗauka. Hukumar jiragen ƙasa ta yi ta fama da rashin kuɗi da rashin kayan gyara. In babban layi yana kuka, me za a ce da reshe? Jirgin Baro ya riƙa raguwa har ya daina zuwa. Ciyawa ta rufe ƙarfe, tsofaffin gine-gine suka zama kango.

An yi ƙoƙarin tayar da garin. A 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da aikin yashe Kwara daga Warri zuwa Baro, kilomita 572. Aka gina sabuwar tashar jiragen ruwa a Baro, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe ta a watan Janairu na 2019. Mutanen ƙasar suka yi murna ƙwarai. Amma har shekarar 2024 tashar ba ta fara aikin da aka gina ta dominsa ba, gama ba a gama titin da zai kai manyan motoci can ba, layin dogo kuma yana kwance. Turawan 1907 sun san kogi ba ya amfani sai da hanyar tudu, shi ya sa suka haɗa su biyu tun daga fari. A sura ta 14 ta Bisharar Luka Ubangijinmu ya yi misali da mai gini wanda bai zauna ya yi lissafi ba kafin ya sa harsashi. Wannan gargaɗi ya shafi gwamnati, ya kuma shafi kwamitin ginin ikkilisiya da maigidan da ke shirin aurar da ɗa.

Abin da ya rage gare mu

Na fari, kayan jama'a amana ne. A wurare da dama inda jirgi ya daina bi, ɓarayi sun kwance ƙarafan layi sun sayar wa masu gwangwan, waɗansu mutane kuma sun yi gini a kan filin hukuma. Mai bi ba shi da hannu a wannan, ko ta saye ko ta ɓoye wa mai yi. Ƙarfen da kakanninmu suka ɗauka a ka, da gumi da hawaye, bai kamata jikokinsu su sayar da shi a kan kilo ba.

Na biyu, akwai tsofaffin ma'aikatan reluwe a cikin ikkilisiyoyinmu, musamman a Minna, da Kaduna, da Zariya, da Kafanchan. Waɗansu ƙarfinsu ya ƙare, abin hannunsu kaɗan ne. Ƙungiyar matasa da zumuntar mata za su iya ziyartarsu, su kai musu ɗan abin da ya sawwaƙa, su zauna su ji labari daga bakinsu. Yaron da ya iya rubutu ya rubuta abin da ya ji, domin in tsoho ya tafi, da labarinsa ya ke tafiya.

Na uku, kowace babbar ikkilisiya ta birni tana da nata Baro. Akwai wani ƙauye inda aka fara wa'azi, inda iyayenmu suka koyi karatu a ƙarƙashin itace, inda wani mai bishara ya yi shekaru yana noma da hannunsa domin ya ci da iyalinsa. Yanzu 'ya'yan wurin sun koma birni, sun gina manyan ɗakunan sujada, na ƙauye kuwa jinkarsa tana yoyo, fastonsa yana wata da watanni ba a biya shi ba. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Muna roƙon dattawan ikkilisiya su sa wannan magana cikin shirin shekara: a tuna da tashar da aka taso, a aika da taimako, a je ziyara ko da sau ɗaya.

Iyaye, in kun taru domin addu'ar yamma a wannan mako, ku buɗe taswirar Nijeriya ku sa yara su nemo Lakwaja, su bi kogi da yatsa zuwa arewa har su sami Baro, sa'an nan su bi ta Minna da Zariya zuwa Kano. Ku tambaye su ko sun san ƙauyen da bishara ta fara samun gidanku. In ba su sani ba, ku gaya musu. Sa'an nan ku yi addu'a domin mutanen Baro da dukan ƙasar Nufe, domin shugabanninmu su gama ayyukan da suka fara, da kuma domin masu hidima a ƙananan wurare, Ubangiji ya ƙarfafa hannuwansu. Amin.